Yahuza da Tamar a zanen Vernet: wa ya ci amanar wa?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Asabar ɗin da ta wuce ruwan sama ya koro ni daga titin Oxford a nan Landan, na shiga wani gidan adana zane-zane da ke baya kaɗan, Wallace Collection, don in fake. Shiga kyauta ce. Ina zagayawa sai na ci karo da wani zane da ya tsayar da ni cak. Namiji ne mai gemu, da ƙyalle a ka da babbar riga irin ta Larabawan ƙauye, ga raƙumi a bayansa. Gabansa mace ce zaune a bakin hanya, ta ja mayafi ta rufe fuska, idanu kawai ake gani. Yana miƙa mata abin hannunsa, ga sandarsa. Wallahi da farko na ɗauka wani Buzu ne aka zana a hanyar Agadas. Da na karanta ɗan allon da ke jiki sai na ga sunan mai zanen Horace Vernet, Bafaranshe, shekarar 1840, kuma wai Yahuza ne da Tamar, daga Attaura.

Hoton da na sa muku na yanke shi daga wuyanta zuwa sama, saboda mai zanen ya rufe mata fuska amma ya bar ƙirjinta gefe ɗaya da cinyarta a buɗe. Abin da ya dame ni ke nan tun ranar. Ban san labarin ba, amma duk wanda ya kalli zanen zai ce ga wata 'yar duniya ta tare bawan Allah a hanya. Haka labarin yake? Baba Wusasa, na san kai ne za ka warware mana.

Baba Wusasa:
Amin, wa alaikumus salam 'yata. Ba haka yake ba, ko kusa. Labarin yana cikin Littafin Farawa sura 38, kuma gajere ne, aya 30 kacal. Bari in ba ku shi yadda yake.

Yahuza ɗan Yakubu yana da 'ya'ya maza uku: Er, Onan da Shela. Ya aurar wa Er yarinya mai suna Tamar. Er ya mutu bai bar ɗa ba. A al'adarsu, idan mutum ya mutu ba magaji, ƙaninsa ne zai auri matar, ɗan farin da aka haifa kuma a lissafta shi na mamacin, don kada sunansa da gādonsa su ɓace. Daga baya ma an rubuta wannan a Maimaitawar Shari'a sura 25. Aka ba Onan ita. Shi kuwa da ya ga ɗan ba zai zama nasa ba, sai ya riƙa kwana da ita yana hana ta ɗaukar ciki. Shi ma ya mutu. Saura Shela, yaro. Yahuza ya ce wa Tamar ta koma gidan ubanta ta zauna a matsayin gwauruwa har Shela ya girma. Amma littafin ya tona abin da ke ransa: tsoro yake kada Shela ma ya mutu kamar 'yan'uwansa. Wato tun lokacin da yake faɗar maganar bai yi niyyar cikawa ba.

Aka daɗe. Shela ya girma, ba wanda ya aika mata. Matar Yahuza ta rasu, bayan ya gama makoki ya tashi zuwa Timna wurin sausayar tumakinsa tare da abokinsa Hira. Tamar ta ji labari, ta tuɓe tufafin gwaurancinta, ta lulluɓe, ta zauna a mashigin Enayim. Ya gan ta ya zaci karuwa ce. Ya yi mata alkawarin ɗan akuya, ta ce sai ya ba da jingina: hatiminsa, da igiyar hatimin, da sandarsa. Ya bayar. Daidai wannan wurin ne mai zanenku ya ɗauka.

Bayan wata uku aka ce masa surukarka tana da ciki. Ya ce a fito da ita a ƙone. Ana fitowa da ita ta aika masa da kayan nan uku, ta ce mai waɗannan shi ne uban cikin, a duba a gane. Ya gane. Ya ce ta fi shi gaskiya, tunda bai ba ta Shela ba. Bai ƙara kusantarta ba. Ta haifi tagwaye, Feresa da Zera.

Abban Sadik:
Innalillahi. Suruki da suruka? Ni dai a nan ban ga wanda za a wanke ba.

Ustaz na Gwale:
Assalamu alaikum. Da girmamawa ga Baba Wusasa, wanda mun daɗe muna ƙaruwa da shi a zauren nan. Ya kamata 'yan'uwa Musulmi su san wannan ƙissa ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta kuma cikin ingantaccen hadisi. Suratu Yusuf ma ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin 'yan'uwansa ba. Inda aka ce wani mai magana daga cikinsu ya ce kada ku kashe Yusuf, masu tafsiri ne suka yi saɓani, wasu suka ce Yahuza ne, wasu suka ce Rubil. Ƙa'idarmu a kan labaran Ahlul Kitabi sananniya ce, tana cikin Bukhari: kada mu gaskata su, kada mu ƙaryata su. Kuma ni zuciyata ba ta natsu da a zana ɗan Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a irin wannan hali ba, balle a rataye mutane suna wucewa suna kallo.

Baba Wusasa:
Malam, na ji ka, kuma ban ga laifinka ba. Abu ɗaya zan ƙara: littafinmu bai kawo labarin don yabon Yahuza ba. Ya kawo shi ne da muninsa, bai rufa masa asiri ba. Shari'ar Musa kanta, a Littafin Firistoci 18:15, ta haramta wa mutum matar ɗansa. Batun ratayewa a bango kuwa, ni ma da za a ba ni zanen nan kyauta ba zan sa shi a ɗakina ba.

Ustaz na Gwale:
Haka yake a wurinmu, Suratun Nisa'i aya ta 23 ta haramta matan 'ya'yan da mutum ya haifa. Don adalci kuma in faɗa, malamai sun yi saɓani kan ko 'yan'uwan Yusuf annabawa ne. Ibn Kasir ya ce babu dalilin da ya tabbatar da annabcinsu. To ba zan ce an zana Annabi ba. Amma rashin natsuwata tana nan.

Mai Kula da Zaure:
Madalla da yadda dattawan nan biyu suka yi magana. A ci gaba a haka. Kada kowa ya sa cikakken hoton, wanda Maman Hanan ta yanke ya isa.

Mai Burushi:
Ni dai a bar ni in kāre mai zanen kaɗan, tunda sana'armu ɗaya ko da ni ɗan koyo ne. Kafin zamaninsa, yawancin Turawa in za su zana mutanen Attaura sai su naɗe su da mayafan Rumawa, su ba su fuskar 'yan Italiya, bayansu kuma korayen tsaunuka irin na ƙasarsu. Akwai irin su Rembrandt da suka riƙa sa rawani, amma rawanin na cikin ɗakin aiki ne, mutumin bai taɓa taka ƙasar Gabas ba. Vernet shi ya je da ƙafarsa. Ya shiga Aljeriya a 1833, sannan a 1839 zuwa 1840 ya zaga Masar da Falasɗinu da Sham. Ya dawo yana cewa mutanen nan da kuke karantawa a coci ba Turawa ba ne, makiyaya ne masu tanti da raƙuma, ga irin suturarsu. Har takarda ya rubuta yana kafa hujja cewa tufafin Ibraniyawan dā da na Larabawan zamaninsa dangi ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Faransa ta wancan lokaci. Yaya Maman Hanan, ke da kanki kin ce kin zaci Buzu ne. To ai nasararsa ke nan.

Hajiya Ƙarama:
Tambaya don Allah. Na ga ana cewa zanen na zamanin Romantik ne. Ina soyayyar take a nan? Ni ban ga ko ɗigo ba.

Mai Burushi:
Hajiya, sunan ne ke ruɗarwa. Romantik a fagen zane ba soyayyar saurayi da budurwa ake nufi ba. Salo ne da ya yi tashe a Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen tsakiyar na 19, inda masu zane suka gaji da tsari mai sanyi na kwaikwayon gumakan Girka da Ruma, suka koma neman abin da ke motsa zuciya: tsoro, sha'awa, jini, guguwa, baƙin wurare. A Faransa jagororinsa su ne Géricault da Delacroix. Géricault ma a wurin mahaifin Vernet ya fara koyo, kuma abokai ne da shi Horace ɗin. Delacroix ya je Maroko a 1832, ya biya ta Aljiyas, ya dawo ya zana matan birnin a cikin ɗaki a 1834. Duk a wancan lokacin hankalinsu ya karkata Gabas. Vernet dai bai kai su zafi ba, hannunsa ya fi santsi, shi ya sa wasu ke ajiye shi a tsakiya, amma ruwan da ya sha ke nan.

Ɗan Damagaram:
Barkanmu da war haka. Mai Burushi, ƙanena, ka faɗi ya je Aljeriya a 1833, amma ba ka faɗi a inuwar wa ya je ba. Faransa ta kama Aljiyas a 1830. Vernet bai je yawon buɗe ido ba, mai zanen sojoji ne, sarki Louis-Philippe ke ba shi aiki ya cika bangon fadar Versailles da hotunan nasarorin yaƙi. Shi ya zana cin birnin Kusantina, a gabashin Aljeriya, na 1837. Shi ya zana farmakin da aka kai wa zangon Amir Abdulƙadir ranar 16 ga Mayu 1843, zanen da tsawonsa ya haura mita 21, mata da yara suna gudu, dawakan Faransa suna bi ta kansu. Abdulƙadir ɗin nan ɗan gidan Ƙadiriyya ne, malami ɗan malami, ya yi shekaru wajen 15 yana yaƙar su kafin ya miƙa wuya a 1847. Mu da muka yi makarantar Faransanci a Nijar mun san irin waɗannan hotuna, mun san kuma abin da ake so yaro ya ji in ya kalle su.

Sai batun tufafi da kake yabo. Ka saurari maganar da kyau. In ka ce Balaraben 1840 yana nan yadda Yahuza yake shekaru dubbai da suka wuce, riga ɗaya, raƙumi ɗaya, me ka ce ke nan? Ka ce mutanen nan ba su motsa ba. Ka shafe Bagadaza da Kurɗuba da Fas da Azhar, ka bar makiyayi da sandarsa. Wanda bai motsa ba kuwa ai sai a zo a motsa shi, hujjar ɗan mulkin mallaka ke nan tun fil azal. Ba na cewa Vernet ya zauna ya ƙulla haka da gangan. Ina cewa idon da ya kalli mutanen da shi ke nan.

Ko a ƙasarsu ba kowa ya yarda da shi ba. Marubucinsu Baudelaire ya rubuta a 1846 cewa Vernet soja ne da ke yin zane.

Mai Burushi:
Yaya, ban musa ko ɗaya ba. Amma mutum yana iya zama bawan sarki kuma idonsa ya ga gaskiya. Shi ne fa ya ɗauki na'urar hoto ta Daguerre, wadda a 1839 ɗin aka fito da ita, ya kai ta Iskandariya a ƙarshen shekarar, shi da abokin tafiyarsa Goupil-Fesquet. Suna cikin na farko da suka ɗauki hoto a Masar. Mutumin yana da ƙishirwar ganin abu yadda yake.

Maman Hanan:
To nan ne nake so mu tsaya, ƙanena. In yana da ƙishirwar ganin abu yadda yake, me ya sa ƙishirwar ta ƙare a kan rigar namiji da sirdin raƙumi? Jiya da dare na nemo surar na karanta da kaina bayan bayanin Baba. Babu raƙumi a cikinta ko ɗaya, shi ya ƙara abinsa, ban damu da wannan ba. Abin da ya dame ni, nassin cewa ya yi ta lulluɓe kanta ta rufe, har ma rufe fuskar ne ya sa Yahuza ya yi mata zaton da ya yi. Duk dabarar matar nan rufewa ce. Shi kuma mai zanen da ya tsallaka teku don ya ga yadda ake naɗa ƙyalle, da ya zo kanta sai ya tuɓe ta. Wace macen ƙauyen Larabawa ya gani zaune a bakin hanya haka? Babu. Wannan ɓangaren ba daga tafiyarsa ya samo shi ba, daga kasuwar Paris ya samo shi, ya san abin da masu saye ke so.

Kuma na tsaya a ɗakin nan wajen minti 20 saboda ruwan bai ɗauke ba. Na ga inda idon mutane ke sauka. Ba a kan sandar ba ne.

Abban Sadik:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma kamar ana so a mayar da ita waliyiya. Ita ta shirya, ita ta sauya kaya, ita ta zauna a hanya, ita ta san waye shi alhali shi bai san ta ba. Yaudara sunanta yaudara. In mai zane ya nuna ta a matsayin mai jan hankali ai bai yi mata ƙarya ba.

Baba Wusasa:
Ɗana, ba wanda ya ce waliyiya ce. Ka lura da kalmar Yahuza: ta fi ni gaskiya. Kwatanci ne, ba wankewa ba. Amma ka ƙirga cin amanar da aka yi kafin ta motsa. Onan ya ci amanar ɗan'uwansa mamaci, ya ci tata. Yahuza ya yi mata alkawarin da ya san ba zai cika ba, kuma bai sake ta ta je ta yi wani aure ba. Ka ga shaida: ranar da aka ce tana da ciki, shi ne mai ikon cewa a ƙone ta, ko da yake a gidan ubanta take zaune. Wato igiyarta tana hannunsa. Bai ba ta miji ba, bai ba ta 'yanci ba, amma hukuncin kisa yana aljihunsa. Kuma laifin da zai ƙone ta a kai, shi ma wata uku da suka wuce ya aikata, har da ya aika Hira da ɗan akuya ba a same ta ba, cewa ya yi a bar mata kayan kada a yi musu dariya. Dariyar mutane ce damuwarsa.

Inna Mai Ƙosai:
Ni ba na yawan magana a nan, karatu nake, jikata ke taya ni rubutu. Amma yau sai na ce wani abu.

Maigidana ya rasu ina da shekara 29, da yara uku, mata biyu da namiji ɗaya yana goye. Da na fita takaba dangin mijina suka taru a zaure suka ce kada in je ko'ina, ƙaninsa zai maye gurbi in ya gama haɗa abin hannu, yara su tashi a gidan ubansu. Na yarda da zuciya ɗaya, don yaron mutumin kirki ne a lokacin. Shekara ɗaya, biyu, uku. Duk wanda ya zo neman aurena sai a ce masa ai an yi mata miji. Gonar marigayi suna nomawa, ba a raba gādo ba, wai ai duk gida ɗaya ne. A shekara ta huɗu na ji guɗa a gidan, ashe budurwa aka kawo masa. Ba wanda ya zo ya gaya mini, da kunnena na ji ina tsugune ina dama ƙullu.

Abin da ya cece ni takardar gonar ce. Marigayi ya ba ni ajiya tun yana da rai, na naɗe ta a leda na sa a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwan aurena. Ranar da muka je gaban alƙali suka ce gonar ta gandu ce, na kwance leda na miƙa. Babban wansu ya kalli sa hannun ɗan'uwansa, ya sunkuyar da kai, bai ƙara magana ba.

Ban yi abin da matar nan ta yi ba, Allah ya tsare ni, kuma ba zan ce ta yi daidai ba. Amma na san abin da ya sa ba ta ce a ba ta kuɗi ba, ta ce a ba ta hatimi. Macen da aka yi wa alkawarin baki aka saɓa, ba ta ƙara karɓar baki. Kuma in da ni ce mai zanen, shekarun jiran zan zana. Mace zaune a gidan ubanta da kayan takaba, yaron da aka ce ta jira yana wucewa ya yi gemu.

Hajiya Ƙarama:
Allah sarki Inna. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Ustaz na Gwale:
Inna, Allah ya saka miki. Abin da aka yi miki addini bai yarda da shi ba, ko da an lulluɓe shi da sunan zumunci. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta hana a gāji mata a kan tilas. Idan iddar wata huɗu da kwana goma ta cika, matar ita ke da kanta. Ƙanin miji yana iya nema kamar kowa, in ta so ta karɓa, kuma sau da yawa alheri ne ga marayu. Amma a ɗaure ta da alkawari a tsare masu nema, a riƙe gādon marayu, wannan zalunci ne. Ban canza ra'ayina kan zanen ba, sai dai maganarki ta sa na fahimci abin da Maman Hanan ke nufi.

Wani abu kuma, Baba, kalmar jinginar nan a asalin harshen, yaya take? Na taɓa ji an ce tana kama da ta Larabci.

Baba Wusasa:
Erabon ce a Ibrananci, Malam. Ku kuna da arabun ko urbun a Larabci, abin da 'yan kasuwarmu za su ce kafin alƙalami. Saiwa ɗaya ce. Kuma tunda ka tambaya, bari in nuna muku abin da ya sa nake ƙaunar wannan sura duk da nauyinta. An saka ta ne a tsakiyar labarin Yusufu, tsakanin sayar da shi da shigarsa gidan Fotifar, Bamasaren da ya saye shi. Mai karatu zai ce me ya kawo ta nan. To a sura 37 Yahuza ne ya ba da shawarar a sayar da Yusufu ga ayarin Isma'ilawa. Suka yanka bunsuru suka tsoma rigar a jini, suka aika wa ubansu suka ce ya duba ya gane ko rigar ɗansa ce. A sura 38 sai ga ɗan akuya kuma, ga kayan da aka aiko, ga kalma iri ɗaya: duba ka gane. Abin da ya yi wa ubansa da riga, shi aka yi masa da hatimi. Daga nan ne mutumin ya fara sauyawa. In ka je sura 43 da 44, shi ne ya tsaya wa Biliyaminu ƙanin Yusufu lamuni a gaban ubansu, da kalma mai saiwar jinginar nan, har ya ce a Masar a riƙe shi bawa a saki yaron.

Feresa kuwa, daga zuriyarsa Dawuda ya fito. Matiyu sura 1 da ya jero kakannin Almasihu, mata biyar ya ambata, Tamar ce ta farko.

Mai Burushi:
Baba, ka ba ni makami ba ka sani ba. In haka ne, ai Vernet ya zaɓi daidai lokacin. Yana iya zana ƙonewar da aka so yi, da wuta da taron jama'a, irin abin da 'yan Romantik ke so. Bai yi ba. Ya zaɓi daƙiƙar da jingina ke barin hannun namiji. Hatimi a wancan zamani shi ne sa hannun mutum, sanda kuma girmansa. Namijin yana sama, ya rankwafo, yana ganin shi ke da iko, alhali a wannan daƙiƙar ya miƙa wuyansa. Ita ta sani, shi bai sani ba. Ku sake duba idanun a hoton da Yaya ta yanke. Ni ban ga idon mai kwarkwasa ba.

Na yarda tsiraicin bai da hujja a nassi, na yarda don kasuwa ne. Amma ba zan yarda mutumin bai fahimci labarin ba.

Ɗan Damagaram:
Ni a ganina wannan ya fi muni, ƙanena. In bai fahimta ba sai mu ce jahilci. Ya fahimta, ya san ita aka zalunta, amma ya tsayar da mai kallo a inda Yahuza yake tsaye, ya ba shi abin da Yahuza ke kallo. Bature mai kuɗi ya saya ya rataye, in an tambaye shi ya ce ai labarin Littafi Mai Tsarki ne. Mace 'yar Gabas, fuska a rufe jiki a buɗe, hoton da suka yi ta maimaitawa ke nan har zuwa katunan gidan waya da aka riƙa bugawa a Aljeriya a farkon ƙarni na 20.

Abban Sadik:
Na karanta na Inna sau biyu. Na janye kalmar da na fara da ita cewa duk ɗaya suke. Amma har yanzu ina nan kan cewa hanyar da ta bi ba hanya ba ce.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, ni ma haka na ce. Ni ina da alƙalin da zan je wurinsa. Ita alƙalin nata shi ne wanda ya cuce ta.

Maman Hanan:
Mai Burushi, na buɗe hoton na ƙara girmansa a waya, na daɗe ina kallon idanun. Zan ba ka rabi. Da na yanke ƙasan saboda zaure, sai macen ta koma wata daban, mai lissafi, mai tsoro kuma, don ta san in dabarar ta ƙi wuta ce. A gaban cikakken zanen ban ga wannan macen ba sam, kuma na tsaya minti 20. Sai da na rufe abin da ya buɗe na gan ta. To ka ga ko ya zana ta, shi ne kuma ya binne ta.

Baba, na duba jerin kayan gidan, ashe suna da wani zanen na Vernet na 1853 a kan rigar Yusuf, 'yan'uwan suna ɓata ta da jini, su ma cikin kayan Larabawa. Ban lura da shi ba ranar nan. Ina da hutu ranar Laraba, zan koma in neme shi in yana rataye.

Baba Wusasa:
Ki je 'yata, Allah ya kai ki lafiya. In kin same shi ki duba mini ko za a iya gane wanne ne Yahuza a cikinsu, da abin da ke hannunsa.

Mai Burushi:
Yaya, don Allah ki ɗauko mini na Tamar ɗin kusa-kusa, wurin hannuwan kawai, daga gefe yadda haske ba zai ɓata ba. Ina so in ga ko yatsunta sun riga sun kama ko tukuna.